Motar Da Ta Shiga Kwalin Ashana: Me Ya Sa Manya Ke Tara Motocin Wasan Yara?

Wannan makon za mu ɗan fita daga aji mu leƙa wata harka da idan mutum ya fara jin labarinta zai yi dariya, sai daga baya ya gane akwai abin koyo a ciki. A ƙasashe irin su Ingila, Amurka, Faransa da Japan, akwai magidanta, wasu da furfura, waɗanda babu abin da ke faranta musu rai kamar tara tsofaffin motocin wasan yara. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna da ranakun kasuwa na musamman, har gwanjo ake yi a kansu. Wata motar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuɗinta ya fi na sabuwar mota ta gaske.

Tambayoyinmu uku ne. Daga ina waɗannan motoci suka fito? Me ke sa wata ta yi tsada, wata kuma ko kyauta ba a so? Sannan mu da muka taso da motar kara da ta langa-langa, ina ruwanmu da wannan zance?

Daga Liverpool zuwa Landan

A shekarar 1934 kamfanin Meccano da ke birnin Liverpool a Ingila, wanda Frank Hornby ya kafa, ya fara sayar da ƙananan motocin ƙarfe da sunan Dinky Toys. Da farko an yi su ne don ƙawata layin dogon jirgin ƙasan wasa da kamfanin ke ƙerawa, amma sai yara suka fi son motocin su kaɗai.

Zuba su ake yi, ba ƙira da guduma ba. Ana narkar da wani haɗin ƙarfe mai suna zamak, wanda mafi yawansa tutiya ce, da ɗan sanholo da maganiziyam da jan ƙarfe. Sai a tura narkakken da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai siffar motar, ya huce nan da nan, a buɗe a fitar. Mazubi ɗaya zai fitar da dubban motoci iri ɗaya, shi ya sa suke da araha. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zuba tukwanen sanholo ya riga ya ga tushen dabarar, sai dai su yashi suke amfani da shi a matsayin mazubi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, wasu abokai biyu, Leslie Smith da Rodney Smith, suka kafa ƙaramin kamfanin zuba ƙarfe a Landan. Sun ɗauki farkon sunan ɗaya da ƙarshen sunan ɗayan suka haɗa, ya zama Lesney. Wani injiniya mai suna Jack Odell ya shigo cikinsu. Labarin da ya shahara shi ne, makarantar da ’yarsa ke zuwa ta kafa doka cewa ba a yarda yaro ya zo da abin wasa ba sai wanda zai shiga kwalin ashana. Sai Odell ya ƙera mata ’yar ƙaramar motar daddale titi, ya sa a kwalin ashana. ’Yan ajinsu kowa ya ce shi ma yana so. A 1953 kamfanin ya fara sayar da irin waɗannan motoci da sunan Matchbox, wato kwalin ashana, kuma kwalayen da ake sa su ma an yi su kamar na ashana. Ku duba fa, dokar makaranta ce ta haifi wannan kasuwa.

A 1956 kamfanin Mettoy ya fito da Corgi daga masana’antarsa da ke Swansea a yankin Wales. Abin da ya bambanta su a lokacin shi ne tagogi na roba mai garai-garai, domin motocin Dinky na zamanin ramuka kawai gare su a gurbin taga. A 1965 Corgi ta fitar da motar da ta fi kowacce suna a tarihinta, Aston Martin DB5 ta James Bond daga fim ɗin Goldfinger. Idan ka danna wani maɓalli sai rufin ya buɗe, kujera ta cilla ɗan mutum-mutumin da ke zaune a kai sama. A fim ɗin motar launin azurfa ce, amma Corgi ta yi mata fentin ruwan zinare. An sayar da miliyoyinta.

Da Amurkawa suka shigo

A 1968 kamfanin Mattel na Amurka, ƙarƙashin Elliot Handler, ya fitar da motoci 16 da sunan Hot Wheels. Turawan Ingila sun mayar da hankali ga kamanni, wato motar wasa ta yi kama da wadda ke kan titi sak. Mattel kuwa gudu ta sa a gaba. Ta yi amfani da siririyar waya a matsayin sandar da ke riƙe tayoyi, ta rage gogayya a inda taya ke juyawa, ta kuma yi musu doguwar hanyar roba mai launin lemo. Yaro ya saki mota daga kan tebur, sai ta tsere har ƙarshen ɗaki.

Siffarsu ma daban ce. A jihar Kalifoniya akwai al’adar matasa su ɗauki mota su sauya mata kama: su rage mata tsayi, su sa mata ƙaton inji, su zana harsunan wuta a jikinta. Ɗaya daga cikin gwanayen wannan sana’a shi ne Ed Roth, kuma motarsa mai rufin gilashi kamar ƙoƙo, Beatnik Bandit, tana cikin 16 ɗin farko. Har yau masu sha’awa na tara duk abin da ya shafi wannan al’ada, daga riguna da sitika zuwa tsofaffin mujallu. Abin bai yi nisa da yadda direbobin manyan motocinmu na katako ke ƙawata su da zane da rubuce-rubuce ba. Kowa na so a hango motarsa daga nesa a ce ta wane ce.

Zuwan Hot Wheels ya girgiza kamfanonin Ingila. Matchbox ta yi sauri ta sauya tayoyinta a 1969, ta kira sabon samfurin Superfast. Duk da haka, gasa da tsadar aiki a gida, ga kuma arahar ƙira a ƙasashen Asiya, sun ci ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya. An rufe masana’antar Dinky ta Liverpool a 1979, Lesney ya durƙushe a 1982, Mettoy ya bi sahu a 1983. A 1997 sunan Matchbox ya koma hannun Mattel, wato abokin gasar da ya hana shi barci. Masu karatun kasuwanci da tattalin arziki, ga misali nan a saukake: wanda ya riga kowa shiga kasuwa ba lallai ne shi zai fita ƙarshe ba.

Faransa na da nata, irin su Solido da Norev da Majorette. Sunan Norev ma juya sunan iyalin da suka kafa shi ne, wato Véron. Japan kuma ta fito da Tomica a 1970.

Me ke sa tsada?

Abu na farko shi ne ƙaranci. Misalin da aka fi bayarwa shi ne wata motar Hot Wheels ta 1969 mai suna Beach Bomb, ƙaramar bas ƙirar Volkswagen ɗauke da allunan sulu a kan igiyar ruwa da ake zurawa ta baya. Da aka gwada ta, sai aka ga ta cika siranta, nauyinta kuma ya taru a sama, ba ta tafiya daidai a kan hanyar robar. Aka sake mata fasali, aka faɗaɗa ta, allunan suka koma gefe. Ƙalilan ɗin samfuran gwajin da suka rage a hannun ma’aikata su ne yanzu ake rububi. Mai launin ruwan hoda a cikinsu, ana ƙiyasta kuɗinta fiye da dala 100,000. Motar da ta faɗi gwaji ita ta fi duk waɗanda suka ci tsada.

Abu na biyu shi ne lafiyar jiki. Abin wasa an yi shi ne don a yi wasa da shi, saboda haka mafi yawa sun ƙoƙe, tayoyi sun fita, an binne wasu a yashi. Wadda ta tsira da fentinta na asali ita ce abar nema. Idan ma wani ya sake mata fenti don ta yi kyau, ya rage mata daraja a idon masu tarawa, domin asali suke nema.

Abu na uku shi ne kwali. Wannan kan ba mutane mamaki, amma dalilin a bayyane yake. Yaron da aka ba sabuwar mota, abin da zai fara yi shi ne yaga kwalin ya jefar. Saboda haka kwalayen sun fi motocin wuyar samu, kuma mota da kwalinta na asali kan ninka kuɗin wadda ba ta da shi.

Abu na huɗu shi ne kewar ƙuruciya. Yaron da ya yi ta leƙen wata mota a tagar kanti a 1965 bai samu ba, yau dattijo ne mai kuɗin fansho. Ba ƙarfen yake saye ba, wancan lokacin yake nema. Wannan kuma yana nufin farashi na iya sauka idan masu wannan kewar suka ƙare.

Kada a ruɗe ku

Nan ne muke so ku buɗe kunne, domin mun san da zarar an ambaci dala 100,000 wani zai fara tunanin kwashe kuɗin tara ya nufi wajen ’yan gwanjo. An ƙera waɗannan motoci miliyoyi a kan miliyoyi. Mafi yawansu, ko sun tsufa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Labarin masu tsada ne kawai ke yawo a intanet, babu mai ba da labarin buhunan da ba a samu mai saye ba.

Idan kun ci karo da wata a gida ko cikin kayan gwanjo, ku juya ta ku karanta ƙasanta. Za ku ga sunan kamfani da ƙasar da aka yi ta. Amma ku lura, shekarar da ke rubuce a ƙasan Hot Wheels shekarar da aka yi wa fasalin rajista ce, ba shekarar da aka ƙera wannan ƙwayar ba. Mota na iya ɗauke da 1968 alhali ba ta daɗe da fitowa daga masana’anta ba. Na farko-farkon, daga 1968 zuwa 1977, suna da jan layi zagaye da tayoyinsu, kuma a Amurka ko Hong Kong aka yi su, sai dai kamfanin ya sha sake fitar da sababbi da irin wannan layin. Matchbox na zamanin Lesney suna ɗauke da sunan Lesney da Ingila. Akwai kuma sababbin kwafin Dinky da ake yi a Sin, har da kwalayen da aka buga su yi kama da tsofaffi. Duk wanda ya turo muku hoto a waya ya ce ku tura kuɗi kafin wani ya riga ku, ku bar shi da kayansa. Kuɗin littafi da na rajistar jarrabawa ba na caca ba ne.

Gargaɗi biyu kuma game da lafiya. Fentin wasu tsofaffin kayan wasa na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Amurka kanta sai a 1978 ta haramta irin wannan fenti a gidaje da kayan wasa. Kada ku bar ƙannenku su sa tsohuwar mota a baki. Sannan wasu motocin da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu kan kumbura su tsattsage da kansu, saboda ɗan gurɓin dalma da ya shiga tutiyar tun wajen narkarwa. Idan ta fara, babu magani. Masu karatun kimiyyar sinadarai, kun ga abin da ƙazanta ’yar kaɗan ke yi wa ƙarfe bayan shekaru.

Waɗanda ake haɗawa da hannu

Akwai wani reshe na wannan sha’awa da muke ganin ya fi amfani ga ɗalibi. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, Revell na Amurka da Tamiya na birnin Shizuoka a Japan suna sayar da mota a wargaje: gutsattsarin roba da yawa a kwali, da takardar zane mai nuna inda kowanne zai shiga. Kai za ka yanko su, ka goge bakinsu da samfefa, ka manna, ka yi fenti. Gam ɗin da ake amfani da shi yakan ɗan narkar da fuskar robar ne, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya. Warinsa na da illa, don haka a sarari mai iska ake aikin.

Kafin mutum ya gama haɗa guda ɗaya, ya san inda inji yake zama, yadda giya ke haɗuwa da shi, da yadda ƙarfi ke isa ga tayoyi. Ya kuma koyi karanta zane da bin mataki bayan mataki, ya koyi haƙuri. Ba wasa ba ne kawai: kamfanonin ƙera motoci har yau suna sassaƙa samfurin sabuwar mota da wani irin yumɓu kafin su ƙera ta, masu zanen gine-gine ma suna yin ƙaramin samfurin gida kafin a haƙa tushe.

Ga lissafin

A jikin kwalin irin waɗannan motoci za ku ga lambobi kamar 1:64, 1:43, 1:24 ko 1:18. Ma’anar 1:43 ita ce, kowane santimita 1 a jikin ƙaramar yana wakiltar santimita 43 a jikin babbar. Mu gwada da motar da iyayenmu suka sani sarai, Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, kuma masana’antar Peugeot da ta fara aiki a Kaduna a 1975 ta yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido sun yi ƙananan samfuranta.

Tsawon 504 ya kusa mita 4 da rabi, mu ce santimita 450. A ma’aunin 1:43, sai a raba 450 gida 43, a samu kusan santimita 10 da rabi. A 1:64, kusan santimita 7. A 1:18, santimita 25 cif.

Ga inda abin ke da daɗi. Idan an rage tsawo sau 18, to an rage faɗi sau 18, tsayi ma sau 18. Saboda haka girman jiki gaba ɗaya ya ragu sau 18 × 18 × 18, wato 5,832. A ce babbar motar na da nauyin kilo 1,200. Idan an rage komai daidai wa daida, ƙaramar za ta yi nauyin giram 206 ne kacal. Amma idan ka ɗaga ta ƙarfe mai ma’aunin 1:18, za ka ji ta fi haka nauyi sosai. Dalili? Ƙarfen jikin mota ta gaske bai kai kaurin milimita 1 ba. Idan ka raba shi gida 18, zai fi takardar littafinka siranta, ba zai zubu ba balle ya tsaya. Dole a yi shi da kauri. Wanda ya fahimci wannan misali, tambayar ma’auni a darasin lissafi ko ta taswira a labarin ƙasa ba za ta ba shi tsoro a ɗakin jarrabawa ba.

Namu fa?

Yaran Ingila saye suke yi, mu kuwa ƙerawa muka yi. Da kara da ɓawonsa, da langa-langa, da waya, da gwangwanin madara, da tsohon silifa da ake yanka taya da shi, yaran unguwanninmu sun yi tirela da tifa da bas. Wasu har da doguwar sandar sitiyari da ke juya tayoyin gaba da gaske. Babu takardar zane, babu kwali. Yaro ya tsaya a bakin tasha ya ƙare wa mota kallo, ya koma gida ya fitar da ita daga kansa.

Sai dai a yau Bature zai iya ɗauko motar da kakansa ya yi wasa da ita, ya faɗa maka shekarar da aka yi ta da sunan titin da masana’antar take. Mu kuma da wuya ka shiga gida ka tarar da motar karan da mahaifinka ya yi. Gara ta ci, damina ta lalata, an share an zubar. Yanzu da wayar hannu da motocin roba masu araha suka cika gari, yaran da suka iya wannan ƙira suna raguwa a birane. Idan tsarar iyayenmu ta wuce ba mu tambaye su ba, dabarar za ta tafi tare da su. Abin da ya ba motocin Turawa daraja shi ne wani ya ajiye, ya rubuta, ya kula. Wannan kuwa ba ya buƙatar dala.

Aikin wannan mako

Ku samu Baba ko Kawu ko Yaya a lokacin da suke da sarari, ku tambaye su yadda suke yin mota suna yara: da me, ta yaya ake haɗa tayoyi, wace mota suka fi kwaikwaya. Ku rubuta. Idan sun yarda su nuna muku da hannu, ya fi. ’Yan mata, wannan aiki har da ku, domin awo da ƙira ba su san namiji ko mace ba.

Sannan ku nemi izinin mai mota ko mai A Daidaita Sahu a unguwarku, ku auna tsawo da faɗi da tsayi da faɗin taya yayin da take ajiye a kashe. Ku raba kowane awo gida 20, ku zana a takarda, ku ƙera da kwali ko kara ko waya. Ku yi hattara da reza da bakin gwangwani. Idan kun gama, ku manna ’yar takarda a ƙasanta mai ɗauke da sunanku, garinku, shekara, da ma’aunin 1:20. Ku ɗauki hotonta, ku ajiye ta inda gara da danshi ba za su kai ba. Idan makarantarku na da ƙungiyar JETS, ku kai wa malamin da ke kula da ita shawarar a ware kanta guda don ajiye mafi kyawun aikin kowace shekara.

Muna jiran hotunan ayyukanku da labaran da kuka samo daga gida, za mu zaɓo wasu mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa, a ci gaba da dagewa da karatu.